Wanda ya ƙera da wanda ya harba: muhawara kan maganganun Einstein, Oppenheimer da Kalashnikov

Ɗan Maƙera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun daren jiya wasu maganganu uku ke ta yi mini yawo a rai, na kasa raba su da juna, shi ne na ce bari in kawo su nan.

Ta farko ta Albert Einstein ce, cikin wata wasiƙa da ya rubuta a 1952. Ya ce shi ba shi da wata baiwa ta musamman, son sani ne kawai ya yi masa katutu. Wannan kowa yana son ta, har a bangon aji ana liƙa ta.

Ta biyu ta Robert Oppenheimer ce, wanda ya jagoranci masanan da suka haɗa bam ɗin nukiliya na farko a cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka. A 1954, da gwamnatin Amurka ta titsiye shi gaban kwamiti, ya ce idan ka hango abu mai daɗin aiki ta fuskar fasaha, yi kawai kake yi, sai bayan aikin ya yi kyau sannan a zauna gardamar abin da za a yi da shi. Ya ce haka aka yi da bam ɗin.

Ta uku ta Mikhail Kalashnikov ce, mai bindigar AK-47. Da tsufa ya kama shi ya ce da ma injin da zai taimaki manoma ya ƙirƙira, ko da na yankan ciyawa ne.

Ni a ganina hanya ɗaya ce mutanen nan uku suke kai, kowa da inda ya tsaya. Na farko yana bakin ƙofa yana murna, na biyu yana tsakiyar aiki hannu ya yi nisa, na uku yana ƙarshe yana cizon yatsa. Tambayata ita ce, wanda ya ƙera abu yana da wani iko da shi bayan ya bar hannunsa? In ba shi da shi, alhakin jinin da aka zubar da abin yana wuyansa ko ba ya wuyansa?

Malamar Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, na ji daɗin tambayar, amma ban yarda a jera Einstein da sauran biyun haka kai tsaye ba. Bai taɓa aiki a shirin bam ɗin ba, hukumomin Amurka ma ba su amince masa da sirrin ba. Abin da ya yi shi ne sa hannu a wasiƙar 2 ga Agusta 1939 zuwa ga Shugaba Roosevelt, wadda masanin kimiyya Leo Szilard ya tsara, suna gargaɗi cewa Jamus ta Hitler na iya riga kowa haɗa irin wannan makami. Tsoro ne ya rubuta wasiƙar nan, ba son sani ba.

Kuma ina tsoron yadda irin wannan magana ke sauka a kunnen mutanenmu. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da 'yan mata a sakandare, babbar wahalata ita ce in sa yarinya ta ɗaga hannu ta ce "Malama, me ya sa?" Tun a gida an koya mata cewa yawan tambaya rashin kunya ne. In muka ƙara da cewa son sani shi ke haifar da bam, mun gama rufe bakinta.

Baban Khalifa:
Malama ta faɗi gaskiya. Matambayi ba ya ɓata. Ni ban ga laifin mai ƙira ba ko kaɗan. Wuƙar da mahauci ke yanka rago da ita, ita ce ɗan daba ke sokewa a ƙugu. A je a kama maƙeri?

Ɗan Maƙera:
Anti, na karɓi gyara a kan cewa bai yi aikin da hannunsa ba. Amma shi kansa bai wanke kansa ba. A 1947 ya ce da ya san Jamusawa ba za su iya haɗa bam ɗin ba, da ko yatsa bai ɗaga ba. A 1954 kuma, 'yan watanni kafin rasuwarsa, ya gaya wa masanin kimiyya Linus Pauling cewa sa hannun nan shi ne babban kuskuren rayuwarsa, ko da yake ya ce akwai uzurin tsoron Jamus. To in shi mai maganar ya ji nauyin a wuyansa, mu ne za mu sauke masa?

Baban Khalifa, tun da ka ambaci maƙeri, bari in ba ka labarin gidanmu, don a cikin hayaƙin gawayi na tashi. Ina ɗan shekara goma sha biyu ni ke kan zuga-zugi bayan an taso makarantar allo. Wata shekara ana dab da zaɓe, wani mutum ya zo da yamma a kan babur, ya ce yana son adda talatin da barandami goma, kuma zai biya kuɗin duka a take. Ya zaro damin kuɗi ya ɗora a kan kututturen da muke zama. Lokacin rani ne, babu mai sayen fartanya ko garma, gidanmu kwana biyu ke nan ana dama kunu da dare a madadin tuwo. Babanmu yana riƙe da awartaki, ƙarfe ya yi jajir a wuta. Ya tambaye shi, "Gonar wa za a share da adda talatin a watan nan?" Mutumin ya yi dariya ya ce ba ruwan maƙeri da wannan. Baba ya mayar da ƙarfen cikin wuta ya ce masa ya ɗauki kuɗinsa. Ni a ranar haushi na ji, wallahi har na yi kuka a ɓoye. Kuma na san mutumin bai rasa inda aka yi masa aikin ba, don maƙera ba tamu kaɗai ba ce a garin.

Abin da na gane daga baya shi ne, ikon Baba duka a wannan ɗan lokacin yake, tsakanin shigowar mutumin da ɗaga masaba. Da ya buga addar farko, shi ke nan, ta zama ta mai kuɗi.

Baban Khalifa:
Allah ya saka wa Baba da alheri. Amma kai da bakinka ka ce an je wani wuri an yi aikin. To me ƙin nasa ya hana?

Ɗan Maƙera:
Ya hana ta fito daga hannunsa. A wurinsa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Malam Mai Almajirai:
Bismillah. Abin da mahaifinka ya yi malamanmu sun daɗe da yi masa babi. Sun hana sayar da makami a lokacin fitina, kamar yadda suka hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai matsa. A mazhabar Malikiyya ana kiran wannan toshe kafa, wato a rufe hanyar da ke kai wa ga ɓarna ko da ita kanta hanyar halal ce a asali. Ma'aunin shi ne sani ko rinjayen zato. Maƙerin da ya sayar da lauje ranar kasuwa aka je aka yi ta'asa da shi, babu komai a kansa. Wanda aka zo wa da odar barandami goma ana jibi zaɓe, ya san abin da ya sani.

Ku duba Suratul Hadid, aya ta 25. Allah ya ce ya saukar da ƙarfe, a cikinsa akwai ƙarfi mai tsanani da kuma amfani ga mutane. A aya ɗaya aka haɗa su, ba a raba ba.

Malama kuma, hankalinki ya kwanta. Addini bai hana tambaya ba, cewa ma aka yi a tambayi ma'abota sani in ba a sani ba. Amma Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya nemi tsari daga ilmin da ba ya amfani. Ke nan akwai tambaya ta biyu bayan "me ya sa", ita ce "don me".

Malamar Kimiyya:
Allah ya gafarta Malam, na gamsu da rabin maganar. Inda na tsaya shi ne, a kimiyya sau da yawa ba a sanin "don me" sai bayan an gano abin. Waɗanda suka fara gano cewa ƙwayar zarra ta yuraniyom tana tsagewa, a ƙarshen 1938 a Balin, ba makami suke nema ba. Daga wannan fannin ilmi ake samun wutar lantarki, daga shi ake samun hasken da ake ƙona ciwon daji da shi a asibiti. Da sun tsaya sai sun san ƙarshen hanya, da ba su taka ko'ina ba.

Injiniya Na Zariya:
Ku ba ni dama in tsaya a kan Oppenheimer, don ni maganarsa ce ta fi tayar mini da hankali, saboda na san daɗin da yake nufi. Duk wanda ya taɓa kwana uku a kan injin da ya ƙi tashi, ya zo ya tashi da asuba, ya san cewa a wannan lokacin ba ka tuna mai injin, ba ka tuna me za a yi da shi. Jikinka rawa kawai yake yi.

Ga yadda abin ya gudana. Dalilin fara aikin shi ne tsoron Jamus. Jamus ta miƙa wuya a watan Mayu 1945. Dalili ya faɗi, amma aiki bai tsaya ba. Mutum ɗaya ne aka sani ya tattara kayansa ya bar Los Alamos saboda lamirinsa, Joseph Rotblat, a ƙarshen 1944, da ya tabbata masa cewa Jamusawa ba su kusa ba. Shi ne aka ba kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1995. Sauran suka ci gaba, aka gwada bam ɗin a hamadar New Mexico ranar 16 ga Yuli 1945. Kashegari Szilard ya fitar da takardar koke, masana 70 suka sa hannu, suna roƙon Shugaba Truman kada a jefa wa Japan sai an bayyana mata sharuɗɗa an ba ta damar miƙa wuya. Takardar ta maƙale a hannun sojoji, ba ta isa gare shi ba kafin a jefa. Ranar 6 ga Agusta Hiroshima, ranar 9 Nagasaki. Zuwa ƙarshen shekarar an ƙiyasta mutum kusan 140,000 sun mutu a Hiroshima kaɗai.

A watan Oktoba Oppenheimer ya shiga ofishin Truman ya ce masa yana jin akwai jini a hannunsa. Truman ya fusata, daga baya ya riƙa kiran sa masani mai koke-koke. A 1949 ya ƙi goyon bayan gaggauta haɗa bam ɗin haidurojin, wanda ya fi na farko muni nesa ba kusa ba. An haɗa, an gwada a 1952. A 1954 aka ƙwace izininsa na ganin sirrin gwamnati, wato mutumin da ya haifi abin aka hana shi leƙa ɗakin da abin yake. Sai a Disamba 2022 gwamnatin Amurka ta soke wancan hukunci, shekara 55 bayan mutuwarsa.

Don haka Baban Khalifa, ni ina ganin labarin adda talatin da wannan duk ɗaya ne. Rotblat ya ajiye masaba. Sauran sun ɗauka za su ƙera sannan a saurare su, ba a saurare su ba.

Baban Khalifa:
Injiniya, Rotblat ya tafi, bam ya fashe. Baban Ɗan Maƙera ya ƙi, an yi adda. Kullum amsar ɗaya ce. Ni abin da nake gudu shi ne mu ɗora wa masu ilmi laifi mu bar masu mulki su sha. Truman ne ya ba da umarni, shi ya kamata a tuhuma.

Na Damagaram:
Salamu alaikum daga Nijar. Ina karanta ku tun ɗazu. Akwai waɗanda ba a ambata ba a cikin masu hannu, su ne masu haƙo. Mafi yawan yuraniyom ɗin da aka yi bama-baman farko da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango aka kwaso, lokacin tana hannun Beljiyam. Leburorin da suka haƙo shi ko sunan abin da za a yi ba a gaya musu ba. Mu ma nan tun 1971 ake haƙar sa a Arlit ana fita da shi. Su waɗannan ba su da wata magana da aka rubuta aka liƙa a bango.

Kuma ku 'yan Najeriya ku tuna, Faransa ta gwada nata bam ɗin na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya ranar 13 ga Fabrairu 1960. Da ta yi na uku a ƙarshen shekarar, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairu 1961. Wata uku da 'yan kwanaki kacal da samun 'yanci ƙasa ta yi wannan.

Injiniya Na Zariya:
Na gode da wannan tunatarwa, Malam. Gaskiya ne.

Ummu Hanif:
Ni ba masaniyar kimiyya ba ce, marubuciya ce, kuma maganar iko da abin da ka ƙirƙira ta taɓa ni a wani wuri daban. Na yi wata bakwai ina rubuta wani labari, ina sakin sa shafi-shafi a WhatsApp. Da dare nake rubutu bayan yara sun yi barci, a waya, babban yatsana har ƙaiƙayi yake yi. Labarin wata yarinya ce da mijinta ke dukan ta, kuma da gangan na rubuta wurin dukan a gajarce, layi huɗu, don ba na son mai karatu ya ji daɗinsa. Wata rana ƙawata ta turo mini wani bidiyo a YouTube. Wani ne yake karanta labarina, an cire sunana, an canza suna, kuma wurin dukan nan an ja shi ya kai minti goma, an ƙara zagi da abubuwan da ko a mafarki ban rubuta ba. Hoton da aka sa a gaba mace ce fuska a kumbure. A ƙasa mutane na ta rubuta cewa ta yi maganin bakinta.

Na rubuta labarin don a tausaya mata, aka mayar da shi abin nishaɗi da dukanta. Kwana biyu ban iya cin abinci ba.

Akwai maganar mawaƙin Amurka Prince da nake tunawa. Da rikici ya haɗa shi da kamfanin Warner a shekarun 1990, ya riƙa fitowa da kalmar "bawa" rubuce a kumatunsa, har ya ajiye sunansa a 1993 ya koma amfani da wata alama. Ya ce in ba kai ka mallaki asalin faifanka ba, to mai faifan ya mallake ka. Sai a 2014 ya karɓo su, ya rasu a 2016. Shi ya yi faɗa ya samu. Ni wa zan kama?

Malamar Kimiyya:
Subhanallah. Sannu 'yar uwa. Kin ci gaba da labarin?

Ummu Hanif:
Na tsaya a shafi na 41, Anti. Sauran yana cikin wayata. Kullum ana tambaya ta, na kasa saki.

Baban Khalifa:
Hajiya, ki yi haƙuri, amma ki saki. Wannan shi ne abin da nake faɗa tun farko. Laifin na wanda ya lalata ne. In kin yi shiru, nasa ne kaɗai zai rage a duniya, naki na gaskiya yana kulle a waya. Matan da kika rubuta dominsu fa?

Malam Mai Almajirai:
A nan ina tare da Baban Khalifa. Ke ba adda aka ce ki ƙera ba. Abin da kika yi alheri ne a asalinsa da niyyarsa, wani ya sace ya gurɓata. Ki sa sunanki a kan kowane shafi, ki sanar da masu karatunki cewa wancan ba naki ba ne, ki kuma kai ƙara ga masu dandalin, suna da hanyar sauke abin da aka sata.

Ɗan Maƙera:
Yaya Ummu Hanif, labarinki ya sa na sake duba maganata. Na ce ikon mai ƙira yana ƙarewa da ya ɗaga masaba. Amma lauje da barandami ba ɗaya ba ne, ko da wuta ɗaya ta gasa su. Lauje sai an karkatar da shi yake kisa. Barandami in ya yi kisa aikinsa ya yi.

Shi ya sa na kasa sauke Kalashnikov daga raina. Sojan tankar yaƙi ne, aka ji masa rauni a yaƙin Bryansk a 1941, yana kwance a asibiti yana jin 'yan uwansa sojoji na kukan cewa bindigoginsu ba su kai na Jamusawa ba. Daga nan ya fara zane. Sojan Tarayyar Sobiyet suka karɓi bindigar a 1949. Ya yi ta yadda ko ta sha yashi ko ta faɗa taɓo za ta tashi, kuma ko wanda bai je makaranta ba zai iya kwance ta ya ɗaura. Wannan sauƙin da ya yi don ɗan ƙauyen Rasha mai kare ƙasarsa, shi ne ya sa yau yaro ɗan shekara sha biyar ke rataye da ita a dajin Zamfara. An ƙiyasta akwai kusan miliyan 100 na danginta a duniya, har a tutar Mozambik an zana ta. Shi kuwa ba a biyan sa ko kwabo a kan kowace ɗaya, ta gwamnati ce.

Shekara da shekaru yana cewa barcinsa yake yi lafiya lau, laifin 'yan siyasa ne da suka kasa sasantawa. Maganar Baban Khalifa ke nan sak. Amma kafin ya mutu a Disamba 2013 yana da shekara 94, ya rubuta wa shugaban cocin Otodoks na Rasha wasiƙa, jaridar Izvestia ta buga ta bayan rasuwarsa. Ya ce raɗaɗin da ke ransa ya fi ƙarfinsa, tambaya ɗaya ta ƙi barin sa: in bindigarsa ta ɗauki rayukan mutane, shin shi ma yana da laifi a mutuwarsu, ko da maƙiya ne? Cocin ta ba shi amsa cewa wanda ya ƙera makami don kare ƙasarsa abin yabo ne.

Ƙanin mahaifiyata da irin wannan bindiga aka harbe shi a gonarsa, damina uku da suka wuce, yana cikin noman gero. Da na karanta wasiƙar tsohon nan ban ji na tsane shi ba. Amma kuma ban ji amsar da aka ba shi ta ishe ni ba.

Na Damagaram:
Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Mu ma ta ɓangaren Maraɗi abin da ake fama da shi ke nan.

Baban Khalifa:
Allah ya gafarta masa, ya ba ku haƙuri. Ban san da wannan ba, ƙanena, da na sassauta harshe. Amma ba zan ɓoye maka ba, har yanzu ina nan a kan cewa wanda ya ɗana kunama shi ne mai jinin kawunka, sai wanda ya sayar masa, sai wanda aka ba amanar iyaka ya bari aka shigo da ita. Tsohon Rasha yana can ƙarshen layi.

Ɗan Maƙera:
Amin, na gode Yaya. Ban ce yana farkon layi ba. Cewa na yi yana cikin layin, kuma shi ma da bakinsa bai fitar da kansa ba.

Malamar Kimiyya:
Ɗan Maƙera, in ka je gida ka tambayar mini Baba abu ɗaya. Bayan ya mayar da mutumin nan, ya ci gaba da ƙera adda ranar kasuwa ko ya daina gaba ɗaya?

Ɗan Maƙera:
Ya ci gaba, Anti, har ƙarfinsa ya ƙare. Sai dai ɗaya-ɗaya yake sayarwa, kuma in baƙuwar fuska ce sai ya tambayi garinsu da sunan mai unguwarsu kafin ya miƙa. Ranar Juma'a zan je gida in Allah ya kai mu, zan karanta masa wasiƙar Kalashnikov in ji abin da zai ce.

Ummu Hanif:
Ka kawo mana amsarsa don Allah. Ni ma zan buɗe shafi na 42 yau da dare in duba.